ƘA'IDOJIN BINCIKE A FAGEN KASUWANCI DA GUDANARWA: ABIN DA YA FARU A HAWTHORNE

Daga Wakilinmu

Da wuya a sami ma'aikacin gwamnati wanda ya taɓa zuwa kwas a Kwalejin Horar da Manyan Ma'aikata ta Badagiri, ko Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a Zariya, ko kuwa ɗalibin da ya karanta sha'anin kasuwanci a jami'a, wanda bai ji labarin binciken Hawthorne ba. Yadda akan ba da labarin a aji shi ne, wai an ƙara hasken lantarki a wata masana'anta a Amurka, sai aiki ya ƙaru. Aka rage hasken, aiki ya sake ƙaruwa. Daga nan masana suka gane cewa kulawar da aka nuna wa ma'aikata ita ce ta zaburar da su, fitila ba ruwanta. Malami ya rubuta a allo, ɗalibai su kwafe, ranar jarrabawa su mayar masa da abinsa.

Labarin yana da daɗin ji, kuma darasinsa bai saɓa wa hankali ba, gama kowa ya san ɗan Adam yana son a kula da shi. Amma masanan da suka koma daga baya suka tone takardun asali sun tarar da cewa shaidar ba ta kai ƙarfin labarin ba, saboda an keta waɗansu ƙa'idoji waɗanda yau ake ɗauka wajibi ne ga duk mai bincike. Tun da yake abin da masu binciken kasuwanci da gudanarwa suka rubuta shi ne yake komawa ya zama tsarin aiki a ofis, da sharaɗin ƙarin girma, da hujjar rage ma'aikata, ya kamata mai karatu ya san waɗannan ƙa'idoji, ya kuma ga abin da kan faru idan aka yi musu riƙon sakainar kashi.

Hawthorne sunan wata babbar masana'anta ce ta kamfanin Western Electric a garin Cicero, daf da birnin Cikago, inda dubban ma'aikata suke ƙera kayan wayar tarho. An fara gwajin haske a can a cikin 1924, aka ci gaba har 1927, a ƙarƙashin Majalisar Bincike ta Ƙasar Amurka. Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne, masu sana'ar wutar lantarki suna da hannu wajen ɗaukar nauyin aikin, kuma burinsu a tabbatar cewa ƙarin haske yana ƙara aiki, don masana'antu su ƙara sayen wuta da ƙwayayen fitila. Da sakamako ya ƙi fitowa yadda ake so, ba a buga cikakken rahoton ba. Shekara da shekaru aka ɗauka cewa alƙaluman sun ɓace, sai labari kawai ya rage yana yawo daga littafi zuwa littafi.

A cikin 2011 waɗansu masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Cikago, Steven Levitt da John List, suka buga abin da suka samu bayan sun gano alƙaluman a ajiye a ɗakunan karatu. Sun lura cewa ranar Lahadi ake sauya fitilu, lokacin da masana'anta take rufe. Ranar Litinin sai a ga aiki ya ɗaga, a ce sauyin ne ya jawo. Ashe ko a makon da ba a taɓa fitila ba, aiki yakan ɗaga ran Litinin, ya yi ƙasa ran Asabar. Watau abin da aka jingina wa gwaji, yawancinsa halin mako ne kurum. Ba a bukatar wani ilmi mai zurfi kafin a kauce wa irin wannan kuskure, illa dai a kwatanta Litinin da Litinin 'yar'uwarta.

ƊAKIN MATA BIYAR

Gwajin da ya fi shahara shi ne wanda aka fara a watan Afrilu na 1927. An ware mata biyar masu harhaɗa wata 'yar na'ura da ake amfani da ita wajen sada layukan tarho, tare da ta shida mai miƙo musu kayan aiki, aka sa su a wani ɗaki dabam. Duk na'urar da mace ta gama sai ta jefa ta cikin wani rami a teburinta, wani inji ya huda takarda, ta haka ake ƙidaya aikin kowace. Akwai kuma wani jami'i da yake zaune a ɗakin yana rubuta abin da ya gani da abin da ya ji, har da hirarsu.

Aka shiga sauye-sauye. Aka ba su hutun minti biyar sau biyu a rana, aka mayar da shi minti goma, aka gwada minti biyar sau shida, aka kawo ɗan abin taɓawa da hantsi a kan kuɗin kamfani, aka rage lokacin tashi, aka ɗauke musu aikin Asabar, daga baya kuma aka janye duk wannan aka koma yadda ake da. Cikin shekara biyu aikin kowace mace a mako ya tashi daga wajen na'ura 2,400 zuwa wajen 3,000. Elton Mayo, wani shaihun malami ɗan asalin Ostareliya da ke Makarantar Kasuwanci ta Harvard, wanda bai zo masana'antar ba sai a 1928 bayan aiki ya yi nisa, shi ne ya yayata fassarar da duniya ta karɓa, cewa zumunci tsakanin matan da sassaucin shugabanni su ne sirrin. A 1939 Fritz Roethlisberger da William Dickson suka buga babban littafin da ya tattara rahoton.

To, ga inda gizo yake saƙa. Tun a farkon gwajin, kafin a fara ba da hutu, an sauya yadda ake biyan matan. A da ana lissafa ladan aiki ne bisa abin da wata ƙungiya mai mutum wajen 100 ta yi, ta yadda ƙoƙarin mutum ɗaya ba ya nunawa a aljihunsa. A ɗakin gwaji kuwa sai aka koma lissafi bisa aikin su biyar ɗin kaɗai. Kowa ya san bambancin noman gandu da na gayauna. Su kansu masu binciken sun gwada wannan tsarin biya shi kaɗai a kan waɗansu mata biyar na dabam, aiki ya ƙaru da fiye da kashi 12 cikin 100, amma wajen fassara sai aka rage wa kuɗi daraja.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. A watan Janairu na 1928 aka fitar da biyu daga cikin matan biyar, bisa dalilin yawan surutu da rashin ba da haɗin kai, aka kawo waɗansu biyu a madadinsu. Sababbin nan sun fi kowa sauri, ɗaya daga cikinsu kuwa ita ke ɗauke da nauyin gidansu, tana matuƙar bukatar kuɗi, har ta zama mai zuga sauran. Mai karatu ya auna da kansa: mutum biyar ake gwadawa, aka cire biyu masu jan ƙafa aka sa biyu masu zafin nama, sa'an nan aka ce zumunci ne ya ƙara aiki. Wannan daidai yake da mai awon hatsi ya sauya mudu a tsakiyar awo. Daɗin daɗawa, babu wani rukuni na kwatanci, watau waɗansu mata masu irin wannan aiki da za a bari ba a taɓa musu kome ba, don a ga ko su ma aikinsu zai ƙaru. Daga ƙarshen 1929 kuma tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, ana ta sallamar ma'aikata, ga tsoron rasa abinci ya shigo cikin lissafi.

Alex Carey ya zayyana yawancin waɗannan kurakurai a wata maƙala a 1967. A 1978 Richard Franke da James Kaul suka sake lissafa alƙaluman ɗakin da hanyoyin ƙididdiga na zamani, suka ce sauya matan nan biyu, da matsin tattalin arziki, da lokacin hutu, su ne suka bayyana mafi yawan ƙarin da aka gani. Har yanzu akwai masu gardama a kan wannan lissafi nasu, amma gardama ce da ake yi da alƙaluma a hannu.

A nan ne ya wajaba a yi wa mutanen Hawthorne adalci. Akwai ƙa'ida guda da suka riƙe gam, ita ce ta rubuta kome da kuma adana shi. Da sun ɓoye maganar korar matan nan biyu, da Carey bai sami abin kamawa ba. A ganina wannan ita ce uwar ƙa'idojin bincike duka, sauran rassanta ne: mai bincike ya bar sawu a fili yadda wani da bai san shi ba, bai kuma ji kunyarsa ba, zai iya bi ya duba. Masanin zamantakewa Robert Merton ya yi bayanin wannan tun a 1942, inda ya nuna cewa ilmin kimiyya yana tsayawa ne a kan waɗansu ɗabi'u da masana suka yarda da su a tsakaninsu, cewa sakamakon bincike mallakar kowa ne, ana auna magana da hujjarta ba da girman mai ita ba, ba a yin aikin don wata riba ta kai, kuma kowace da'awa sai an tuhume ta kafin a karɓa.

ZAƁEN WAƊANDA SUKA CI NASARA

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare a littattafan gudanarwa da ake sayarwa a kasuwa. A 1982 Tom Peters da Robert Waterman suka fitar da littafinsu In Search of Excellence, wanda aka sayar da miliyoyinsa. Sun zaɓi kamfanoni 43 na Amurka da ake ganin sun yi fice, suka nemo halayen da suka yi tarayya a kai, suka ce ga sirrin nasara. Shekara biyu kacal bayan haka, a 1984, mujallar Business Week ta bi sawun kamfanonin ta ga wajen kashi ɗaya cikin uku sun shiga matsala. Aibin hanyar a bayyane yake. Wanda ya tara attajirai goma ya ga duk suna sammako, bai isa ya ce sammako ne ke kawo arziki ba sai ya leƙa ya ga ko matalauta ma suna sammako. Phil Rosenzweig ya ƙara da wani bayani a 2007, cewa idan kamfani yana cin riba, duk wanda aka tambaya zai yabi shugabansa da hangen nesa, ranar da riba ta faɗi kuwa sai a kira halin nan nasa taurin kai. Mai binciken da ya dogara da irin wannan yabo yana auna ribar ce sau biyu ba tare da ya sani ba.

SIRRIN KAMFANI

Binciken kasuwanci yana da wata matsala da ba ta cika damun mai binciken taurari ko tsirrai ba. Alƙaluman suna hannun kamfanoni, kamfanoni kuwa ba sa son abokan gasa su ga cikinsu. Saboda haka sau da yawa mai bincike yakan sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri kafin a buɗe masa littattafai. Wannan uzuri ne na gaskiya, amma ya zama mafaka ga marasa gaskiya. James Hunton, wani fitaccen malamin ilmin akanta a Jami'ar Bentley ta Amurka, ya shekara da shekaru yana buga maƙaloli da alƙaluman da ya ce ya samo daga manyan kamfanonin binciken kuɗi, yana hana har abokan rubutunsa ganin asalinsu da sunan yarjejeniyar sirri. Asiri ya fara tonuwa ne da wani mai karatu ya lura cewa yawan ofisoshin da aka ce wani kamfani yana da su a Amurka bai yi daidai da zahiri ba. Ya ajiye aiki a ƙarshen 2012, kwamitin jami'ar ya same shi da laifin ƙirƙirar alƙaluma a 2014, a 2015 kuma Ƙungiyar Masana Akanta ta Amurka ta janye maƙalolinsa 25 a lokaci guda.

Wani misalin ya nuna ɗaya gefen. A 2012 masana biyar suka buga wata maƙala a mujallar Cibiyar Kimiyya ta Ƙasar Amurka, suna cewa idan aka sa mutum ya sa hannu a kan alkawarin faɗin gaskiya a saman fom maimakon a ƙasansa, ƙarya takan ragu. Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu inshorar mota fiye da 13,000 da aka ce sun rubuta yawan tafiyar da motocinsu suka yi. Shawara ce mai arha, kuma hukumomi da kamfanoni sun yi sha'awarta, don ba ta cin kome sai sake buga fom. A 2020 marubutan tare da waɗansu abokan aiki suka maimaita gwajin da mutane masu yawa, ba su ga wani tasiri ba, suka kuma saka tsofaffin alƙaluman a fili. Da waɗansu masu bin diddigi suka duba, sai suka ga abin mamaki. A zahiri yawancin direbobi tafiyarsu matsakaiciya ce, kaɗan ne masu yin ƙasa sosai ko sama sosai. A wannan kundi kuwa adadin ya bazu daidai wa daida daga sifiri zuwa mil 50,000, ya tsaya cak, kamar yadda kwamfuta kan fitar idan an ce ta zuba lambobi barkatai. Har ila yau rabin layukan an rubuta su da wani salon haruffa dabam, kuma kusan kwafin ɗaya rabin ne. Aka janye maƙalar a 2021. Shekara tara tana yawo, amma da alƙaluma suka fito fili ba ta ƙara shekara biyu ba.

Saboda irin waɗannan ne manyan mujallun fagen suka ɗaure ɗamara. Wani nazari da Donald Bergh da abokansa suka buga a 2017 ya ɗauki maƙaloli 88 na wata babbar mujallar dabarun gudanarwa, ya tarar da wajen kashi 70 cikin 100 ba su ba da isasshen bayanin da wani zai iya sake lissafinsu ba. Tun daga 2019 mujallar Management Science ta wajabta wa marubuta miƙa alƙalumansu da matakan lissafinsu kafin a buga, in kuwa akwai sirrin kamfani sai a bayyana tun farko a nemi wata hanyar tantancewa. Akwai kuma al'adar rajistar bincike tun kafin a fara, inda mai bincike zai rubuta tambayarsa, da abin da yake zato, da yawan mutanen da zai tambaya, da sharaɗin cire wani daga lissafi, ya ajiye a wurin da ba zai iya gogewa ba. Amfanin wannan shi ne hana mutum ya harba kibiya sa'an nan ya je ya zana da'ira a inda ta faɗa. Da mutanen Hawthorne sun rubuta sharaɗin cire ma'aikaciya tun a 1927, da an san ko korar da aka yi a 1928 tana cikin tsari.

Waɗansu masana suna ƙorafi cewa waɗannan sharuɗɗa sun fi dacewa da masu aiki da lambobi, kuma suna ɗaure hannun wanda ya shiga kasuwa ko ma'aikata ya zauna wata shida yana kallo yana saurare, wanda bai san abin da zai tarar ba sai ya je. Ƙorafin yana da tushe. Sai dai shi ma irin wannan mai bincike ba a ɗauke masa nauyin faɗin wa ya zanta da shi, da yadda ya zaɓe su, da abin da ya ji wanda ya saɓa wa ra'ayinsa ba.

HAKKIN WANDA AKE BINCIKA

Ragowar ƙa'idojin sun shafi mutanen da ake bincike a kansu, kuma daga fagen likitanci aka aro su, musamman Ƙa'idar Nuremberg ta 1947, da Sanarwar Helsinki ta 1964, da Rahoton Belmont na 1979. Jigonsu shi ne a sanar da mutum abin da ake nufi da shi, ya yarda da kansa, ya kuma iya janyewa ba tare da wani abu ya same shi ba. Mutanen Kano ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan, ganin shari'ar da ta biyo bayan gwajin maganin Trovan a kan yara wajen 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wadda batun yardar iyaye yake tsakiyarta.

Wani zai ce takardar tambayoyi ba allura ba ce, ba ta kashe kowa. Haka ne, amma tana iya raba mutum da abincinsa. Mai binciken gudanarwa ta ƙofar shugaba yake shiga ma'aikata. Idan Babban Sakatare ya ce a cika takarda, ƙaramin akawu ba shi da bakin cewa a'a, in kuma tambayar ita ce yaya yake ganin shugabancin mai gidansa, to amsar gaskiya tana da haɗari muddin za a iya gane rubutunsa ko muƙaminsa. Wannan ya sa ake hana rubuta suna, ake hana miƙa wa shugaba takardun ɗaya ɗaya, ake kuma haɗe ƙananan sassa wuri guda a rahoto don kada a ce “ma'aikaciya mace a sashen kuɗi” alhali ita kaɗai ce a wurin. Kiyaye wannan yana gyara ingancin binciken ma, domin mai jin tsoro abin da ake so a ji yake faɗi. A Nijeriya Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta mayar da wani ɓangare na wannan ladabi ya zama tilas a shari'a.

Ma'aikatan ƙasar nan sun san yadda ra'ayin gudanarwa yake tsallako teku ya zama umurni. Hukumar Udoji, wadda aka kafa a 1972 ta miƙa rahotonta a 1974, ta ba da shawarar a ɗauki tsarin gudanarwa ta hanyar ƙayyade manufa, wanda Peter Drucker ya yayata tun 1954, ko da yake abin da jama'a suka fi tunawa da shi shi ne ƙarin albashi da ariyas. Irin waɗannan tsare-tsare ba su daina zuwa ba, yawanci a cikin jakar masu ba da shawara da ake biya da kuɗin jama'a. Jami'in da aka kawo wa rahoto yana da ikon ya tambayi mutum nawa aka bincika, wa ya zaɓe su, da wa aka kwatanta su, wa ya biya kuɗin aikin, kuma ina takardun asali suke.

Ɗalibai kuwa, ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai masu raba takardar tambayoyi 20, su zauna a ɗakin kwana su cika sauran 80 da biro kala kala, akwai kuma masu sayen kundin da aka riga aka rubuta su sauya sunan ma'aikata da na gari. Malamin da yake duba ɗalibai da yawa a zango ɗaya ba zai iya bin kowa kasuwa ba. Abin da zai iya, ba tare da an kashe ko kwabo ba, shi ne ya karɓi tsarin binciken a rubuce da kwanan wata kafin ɗalibi ya fita, ya kuma ƙi sa hannu a kundi sai an kawo masa takardun da aka cika, ya zaɓi biyar ko goma daga ciki ya kwatanta da abin da ke cikin jadawali.